LAFIYAR GIDA: Allurar Da Ba Ta Jiran Mota

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba kullum a ke ganinsa ba, amma ran da ya zo ba ya ba mutum lokacin neman shawara. Za mu kuma duba dokokin da waɗansu ƙasashe suka kafa dominsa, mu ga abin da zai amfane mu a nan, musamman a garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya.

Kowa ya san borin jini. Yaro ya ci wani abu, ko ya sha wani magani, sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta susa, bayan 'yan awoyi ya lafa. Wannan ƙaraminsa ke nan. Akwai babbansa, wanda likitoci su ke kira anafilaksis. A nan ba fata kaɗai ke bori ba. Leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya tsuke, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar na mai fuka. Jijiyoyin jini su saki, jini ya kasa kaiwa kai, yaro ya ji jiri ya faɗi. Wani ya yi amai da murɗar ciki. Wani kuwa ko tabo ɗaya ba za a gani a fatarsa ba, shi ya sa akan ce farfaɗiya ce, ko kuwa iskoki, a yi ta yayyafa ruwa har lokaci ya ƙure.

Abubuwan da ke tayar da shi ba baƙi ba ne. Akwai harbin zuma da na rina. Ba muna nufin wanda taron zuma ya rufe ba, wannan dafi ne ya yi masa yawa. Muna nufin yaron da zuma ɗaya tak ta harba a yatsa, amma fuskarsa ta kumbura, numfashi ya gagara. Akwai magunguna, musamman allurar fenisilin da danginta. Tsofaffinmu sun tuna yadda malamin asibiti yakan ce a zauna a benci a ɗan jira bayan allura. Ba don ya ɓata wa kowa lokaci ba ne, wannan ya ke tsoro. Sai abinci: gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, waken suya. Ku dubi farantan masu talla a ƙofar makaranta lokacin tara, za ku ga ƙuli-ƙuli da kantun riɗi da awara da dafaffen ƙwai a jere. Har da farar da a ke shigowa da ita buhu-buhu daga Nijar, gama wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande yana iya yin bori in ya ci fara.

Ba mu ce a hana yara waɗannan ba. Yawancinsu za su ci har su tsufa lafiya lau. A shekarar 2015 ma likitoci a Landan, ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da jarirai 640 waɗanda a ke jin tsoron za su yi borin gyaɗa. Waɗanda aka fara ba abinci mai gyaɗa tun suna ƙanana, borin ya ragu a cikinsu da kimanin kashi 80 cikin 100 bisa ga waɗanda aka hana. Uwayenmu masu dama wa jariri kunun gyaɗa ba su jira Landan ba. Damuwarmu ita ce yaro ɗaya da ke cikin taro, wanda ba a san jikinsa ba tukuna.

Ga dalilin damuwar. Wani likita a Mancasta, Richard Pumphrey, ya bi labarin mutanen da wannan ciwo ya kashe a Birtaniya, ya bayyana abin da ya samu a shekarar 2000. Daga lokacin da abin ya shiga jiki zuwa lokacin da numfashi ko zuciya suka tsaya, tsaka-tsakin lokacin minti 30 ne in abinci ne, minti 15 in harbi ne, minti 5 kacal in allurar asibiti ce. To, ku auna da hanyarmu. Daga Jibiya zuwa Katsina kimanin kilomita 45 ne, ga shingayen jami'ai a hanya. Maraɗi ma ba ta fi kusa ba, sai ka bi ta Magama ka tsallaka zuwa Ɗan Isa, kuma mun ga yadda aka garƙame iyakar nan a watan Agusta na 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Akwai babban asibiti a cikin garin Jibiya, gaskiya ne. Amma yaron da ke makarantar ƙauye, kafin a kira hedimasta, a nemo babur, a aika gida a gaya wa uwarsa, minti 15 sun wuce.

Maganin kuwa ɗaya ne, kuma tsoho ne. Sunansa adirenalin, a Amurka suna ce masa efinefirin, duk abu ɗaya ne. Tun 1901 wani masani Bajafane, Jokichi Takamine, ya tace shi. Jikinmu da kansa yana yinsa, shi ne ke sa gaba ta faɗi, zuciya ta yi ta bugawa sa'ad da mutum ya firgita. In aka yi allurarsa a tsokar cinya ta gefen waje, yakan matse jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyar numfashi, ya rage kumburi, cikin 'yan mintoci. In bayan minti 5 ba sauƙi, a ƙara. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lalle kowace ƙasa ta tanada. Ku lura da kyau: ƙwayar Piriton da mu ke ba yara domin ƙaiƙayi ba ta maye gurbinsa. Tana rage susa, amma ba ta buɗe maƙogwaro, kuma kafin ta fara aiki an makara.

Iri biyu ne aka fi saninsa da su. Akwai 'yar ƙaramar kwalba wadda a ke fasa wuyanta a zuƙa da sirinji. Wannan tana da araha, ita ce a asibitocinmu. Akwai kuma wadda aka riga aka auna a cikin wani abu mai kama da alkalami, a cire murfi a danna a cinya, ko ta saman wando. Wannan ko yaro mai wayo zai iya, amma da tsada. A shekarar 2016 kuɗin guda biyu na EpiPen ya kai dala 600 a Amurka, har aka kira shugabar kamfanin gaban majalisa ta yi bayani.

Yanzu bari mu koma ga dokoki. A 2003, a lardin Ontariyo na Kanada, wata yarinya 'yar shekara 13 ta sayi soyayyen dankali a ɗakin cin abinci na makarantarsu. An taɓa dankalin da abin ɗiban da ya taɓa cuku, ita kuwa jikinta ba ya karɓar madara. Ta rasu. Iyayenta ba su yi shiru ba, har majalisar lardin ta kafa doka a 2005, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2006, ana kiranta Dokar Sabrina. Dokar ta wajabta wa hukumomin makarantu su yi shiri a rubuce domin kowane yaro da aka san yana da ciwon, su kuma riƙa koya wa malamai a kai a kai. Ta ce malamin da ya ga alamun yana iya yin allurar ko ba a riga an ba shi izini ba, kuma ba za a kai shi ƙara ba in da kyakkyawar niyya ya yi.

A Amurka matsalar ta ɗan bambanta. A da, maganin da ke ofishin makaranta na yaron da likita ya rubuta wa ne, da sunansa a jiki, ba a yi wa wani yaro da shi. Watau yaro yana iya shaƙewa a gaban akwatin da ke da magani, amma ba nasa ba ne. A Janairu 2012 wata yarinya 'yar shekara 7 a jihar Birjiniya ta ci gyaɗar da wata abokiyar wasa ta ba ta, ta rasu. Cikin wannan shekara jihar ta kafa doka cewa kowace makarantar gwamnati ta ajiye allura wadda ba ta kowa ba ce, ta makaranta ce, domin duk yaron da ya faɗi. Ran 13 ga Nuwamba 2013 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar tarayya. Ita ba ta tilasta wa kowa ba, sai dai ta ce jihar da ta wajabta ajiye allurar, ta horar da ma'aikata, ta kuma kāre su daga ƙara, za a fifita ta wajen rabon wani kuɗin taimako. A wurin sa hannun ya faɗa cewa 'yarsa ɗaya ma gyaɗa ba ta karɓe ta ba.

Me ya sa allurar makaranta ta fi ta yaro muhimmanci? Wani bincike a jihar Masacuset, daga 2001 zuwa 2003, ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa allurar a makaranta, kusan ɗaya bisa huɗu ba a taɓa sanin suna da ciwon ba sai ran nan. Can ke nan, inda a ke gwada yara a asibiti. Ina ga mu?

Ingila ta bi baya. Daga ran 1 ga Oktoba 2017 aka yarda makarantu su sayi allurar ajiya ba tare da takardar likita ba. Amma dokar ta 2017 yarda ta yi, ba ta wajabta ba, mun kuwa san halin ɗan Adam da abin da aka bar masa zaɓi, balle in da kuɗi a ciki.

Abin da ya dame mu cikin labaran nan shi ne, sai da aka binne yaro kafin majalisa ta motsa. Ihu bayan hari ke nan. In kuma kun duba, babban aikin dokokin ba saye ba ne. Sun amsa tambayar da ke daskarar da hannun malami: in na yi, yaron ya mutu, wa zai tsaya mini? Mun san wannan tsoro. A garin da kowa ya san kowa, malami baƙo da ya soka wa ɗan wani allura, abin ya zo da ƙarar kwana, ba kotu kaɗai zai ji tsoro ba. Saboda haka yakan zaɓi ya tsaya yana kallo, ya ce a kira iyaye. Ba mugu ba ne. Ba wanda ya ba shi izini, ba wanda ya koya masa.

Mu fa, me mu ke da shi? A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Lafiya a Makarantu. Ta yi maganar duba lafiyar yaro kafin a ɗauke shi, da ajiye takardar lafiyarsa, da ɗakin jinya, da taimakon farko, da hanyar tura maras lafiya asibiti. Magana mai kyau. Amma manufa ce, ba doka ba ce. Hedimastan da akwatin taimakon farkonsa ba kome sai auduga da ragowar aidin ba wanda zai hukunta shi. Akwai kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda sashe na 20 nata ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin gaggawa, ko da wane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Ya kamata kowane uba ya san wannan. Sai dai tana fara aiki ne a ƙofar asibiti, mu kuwa maganarmu ita ce yaron ya kai ƙofar da rai.

Wani zai ce, ga zazzaɓin cizon sauro, ga yunwa, ga azuzuwa ba rufi, ga shekarun da 'yan bindiga suka sa makarantu da dama a yankin nan suka zama kango, sai a zo mana da maganar borin jini? Yana da gaskiya, waɗannan sun fi kashe yara nesa ba kusa ba. Amsarmu ita ce, wannan ba ya bukatar gini ko kwangila. Maganin yana nan a ƙasa. Ƙa'idar aikin rigakafi ita ce, duk inda za a yi wa yara allura, ma'aikata su zo da adirenalin a akwatinsu, ko da wani yaro zai yi bori. Ashe ran da masu rigakafi suka zo makaranta, maganin yana shiga ƙofa, da yamma kuma ya fita tare da su. Zuma kuwa tana nan a bishiyar bedi ta tsakar makaranta duk shekara.

A ganinmu, abin da ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi bai fi shafi biyu ba. A fara da makarantun kwana, inda yara ke ci su kwana nesa da iyaye, dare kuma ba a shiga hanya: a wajabta adirenalin a ɗakin jinya, da ma'aikacin lafiya mai kwana a wurin. Makarantun jeka-ka-dawo kuwa a haɗa kowace da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a koya wa malamai biyu, a rubuta kāriya ga wanda ya yi da kyakkyawar niyya. Muna cewa biyu domin ɗaya yakan tafi Katsina bin albashi. Jibiya tana da ɗan majalisa. Wasiƙar da ƙungiyar iyaye da malamai ta sa wa hannu ta fi ƙorafi a bakin kasuwa. Makarantun da ekklisiyoyi su ke riƙe da su kuwa ba su da hujjar jira, gama kwamitinsu yana iya yanke wannan a zama ɗaya. Haka ma masu shirya zangon matasa da taron mata a daji, inda a ke kwana uku ƙarƙashin itatuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma kada wani ya karanta wannan ya tashi ya tafi kasuwar Jibiya ran Lahadi ya sayo kwalba daga mai tebur. Muna roƙonku. Adirenalin magani ne mai ƙarfi. In aka yi shi a jijiya maimakon tsoka, ko aka wuce awo, yana iya rikita zuciya. Awon ya danganta ga shekaru. Da kwalba mai miligiram 1 cikin mililita 1, yaron da bai kai shekara 6 ba mililita 0.15 ne, daga 6 zuwa 12 mililita 0.3, wanda ya wuce haka 0.5. Kun ga ko babba rabin kwalba ne, ba duka ba. Mun kawo lissafin nan domin ku ga ƙanƙantar awon, ba domin ku koya daga takarda ba. Wannan sai malamin lafiya ya riƙe hannun mutum ya nuna masa. Mai kemis na unguwa ma doka ba ta ba shi izinin yin allura ba.

Akwai wani tarko na musamman ga mutanen bakin iyaka. Magani yana shigowa ta gefe biyu, wani da rubutun Turanci, wani da na Faransanci. Sunan kusan ɗaya ne, amma kamfanonin Faransa suna yin kwalba mai miligiram 1, suna kuma yin mai miligiram 0.25, girmansu ɗaya. Wanda ya haddace mililita bai karanta ƙarfin ba zai ba yaro kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ya ke bukata. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, makaranta kuma ta tsaya a kan iri ɗaya.

Sai zafi. Ana son a ajiye shi inda bai wuce digiri 25 ba, cikin kwalinsa, nesa da haske. A watan Afrilu kuwa zafin Jibiya yakan haura 40, ofishin hedimasta mai rufin kwano ya zama tanda. Ruwan maganin garau ya ke kamar ruwan sha. In ya sauya launi ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, ya lalace. Inda ba lantarki, dabarar nan ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa tana da amfani: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Domin tumatir da yalo ya yi ta, amma gwangwani mai murfi da kwalaben magani a ciki zai zauna daram.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai abin da kowace uwa da kowane malami zai iya. A kwantar da yaron a ƙasa, a ɗaga ƙafafunsa bisa benci ko jaka. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka zuwa ofis. Likitan nan na Mancasta ya lura cewa waɗansu sun mutu ne daidai lokacin da aka tayar da su zaune ko tsaye, gama jinin da ya rage ya gangara ƙafafu, zuciya ta buga a wofi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin motar asibitinmu ita ce babur, a babur kuwa zaune a ke ɗaukar mutum. In da hali, gara babur ya tafi ya ɗauko malamin lafiya da allurarsa, yaron yana kwance. In tilas a tafi da shi, a nemi mota ko amalanke, a kwance. In ƙarin zuma yana jiki, a kankare shi da farce nan da nan. Kada a ɗura masa manja ko nono. Maƙogwaron da ya kumbura ba ya haɗiya, sai abin ya bi ta huhu. Ko ya farfaɗo bayan allura, lalle a kai shi asibiti a lura da shi, domin borin yakan dawo bayan 'yan awoyi.

Ku iyayen da ɗanku ya taɓa kumburin fuska ko shaƙewa bayan harbi, ko abinci, ko magani, kada ku ɓoye. Mun san waɗansu suna jin kunya, musamman in 'ya mace ce, kada a ce tana da ciwo. Ku gaya wa hedimasta da malamin aji, ku sa malamin asibiti ya rubuta sunan abin a ɗan kati. In kuna da dangi a Ɗan Isa ko Maraɗi inda yaron ke zuwa hutu, a rubuta katin da Hausa da Turanci da Faransanci, a sa shi cikin leda, a ɗinke a cikin jakar makaranta. A taron iyaye da malamai na farkon zango kuma, wani ya miƙe ya roƙi a kawo akwatin taimakon farko a buɗe shi a gaban kowa, a karanta ranar da ke jikin kowace kwalba.